Kafin Ka Ce Injin Walda Ya Mutu

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa saukar ruwan fari, babu wanda ake nema a Sassumbrum da ƙauyukan da ke kewaye da ita kamar mai walda. Garmar shanun da aka jingine tun kaka, sai a lokacin ake tunawa bakinta ya tsage. Amalanken da zai kai taki gona ya karye a gindi. Mai injin niƙa yana jira, mai gini yana son ƙofa da taga kafin hadari ya haɗo. A daidai wannan lokaci ne zafi ke haura digiri 40, kuma a lokacin ne injinan walda suka fi tsayawa.

Sana'ata gyaran kayan lantarki ce. Ina naɗa kwal, ina gyaran janareta da fanka da injin ban ruwa. Masu walda daga Sassumbrum da Yekuwa da Kwaya, har daga wajen Dungas, sukan ɗauro injinansu a bayan babur su kawo mini, kuma maganar da suke sauka da ita ɗaya ce: "Malam, inji ya mutu." Abin da aikin nan ya nuna mini shi ne, akasarin waɗannan injina da ransu. Cutar tana wani wuri a kan hanyar da wuta ke bi kafin ta shiga injin ko bayan ta fita. Abin yana ci mini rai, domin mutum yakan rufe shago a tsakiyar kakar aikinsa, ya biya kuɗin mota zuwa Damagaram ko ya tsallaka iyaka zuwa Kano, alhali noti ɗaya ne ya saki. Duk wanda ya iya bin wuta daki-daki, daga inda ta taso zuwa bakin sandar walda, zai gano matsalarsa tun bai kwance murfin inji ba.

Aikin da injin yake yi

Mai lambu a fadamar Korama ya san abu biyu game da tiyonsa: ƙarfin da ruwa ke tunkuɗowa da shi, da yawan ruwan da ke wucewa. Haka lantarki take. Ƙarfin tunkuɗar shi ake aunawa da volt, yawan abin da ke wucewa kuma da amfiya. Wutar gida a Nijar da Najeriya tana zuwa da volt 220 zuwa 230, amma walda ba ta son haka. Tana son volt kaɗan da amfiya mai yawa. Aikin injin ke nan: ya sauke volt ya ɗaga amfiya. Idan injin yana kunne ba a fara aiki ba, tsakanin bakunansa biyu akan sami volt 50 zuwa 80. Da zarar sanda ta kama, sai ya sauka zuwa 20 ko 30, amfiya kuma ta hau. Sanda mai kaurin milimita 2.5 tana cin amfiya 60 zuwa 100, mai 3.2 kuwa 90 zuwa 130.

Iri biyu ne a shagunanmu. Akwai tsohon yayi mai taransifoma, mai nauyin da sai mutum biyu sun kama, wanda da yawa daga cikinsu naɗin hannu ne na maƙeran gida, wasu ma a cikin mai suke zaune. Akwai kuma sabon yayi, inbata, wanda yaro ke ratayawa a kafaɗa. Cikinsu ya bambanta ƙwarai, amma hanyar neman cutarsu ɗaya ce: a fara daga waje.

Tushen wuta

Tambayata ta farko ga duk wanda ya kawo inji ita ce, "A ina kake shan wuta?" A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, kuma a karkara abin bai kai haka ba, shi ya sa mai walda a ƙauye janareta ne jarinsa. Yankin Damagaram da Maraɗi kuwa ya daɗe yana samun wutar NIGELEC ta babban layi mai kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kafin ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkuminta a watan Fabrairun 2024, masu walda na cikin gari su ma suka koma ga janareta. A wannan tsakani na ga injinan inbata da suka ƙone fiye da yadda na saba gani, kuma kusan duk labarinsu iri ɗaya ne: an haɗa su da janaretan da bai kai ba.

Lissafin ba shi da wuya. Amfiya 120 a kan volt 25 ya ba da wat 3,000 a bakin sanda. Kafin injin ya fitar da wannan, yana jan amfiya 20 ko fiye daga wutar volt 220, mai taransifoma kuma ya fi haka ja. Ƙaramin janaretan kunna ƙwai da cajin waya bai kai wat 1,000 ba. Mai aiki da sanda 3.2 yana bukatar janareta mai kVA 6 ko 7. Idan ya gaza haka, da ka ɗana sanda zai yi nishi, wuta ta faɗi, sanda ta manne. Mafi muni shi ne lokacin da ka ɗaga sandar: nauyi ya sauka farat ɗaya, janareta ya zabura, volt ya yi tsalle sama, kuma wannan tsallen ne ke kashe kayan cikin inbata. Saboda haka a tada janareta ya daidaita tukuna sannan a kunna inji, a kashe inji kafin a kashe janareta, kuma kada a bari mai ya ƙare ana tsakiyar walda. Masu babban injin gas da ke juya dinamo da bel su duba bel ɗin. Idan ya saki yana zamewa, wuta za ta faɗi duk lokacin da aka ɗora mata nauyi, inji kuwa lafiyarsa ƙalau.

Awo ɗaya ke raba gardama. Ka sa tasta, wato na'urar awon wuta, a soket ɗin da injin ke sha, ka ce wa yaro ya ɗana sanda, kai kuma idonka a kan lamba. Awon soket ba tare da nauyi ba yaudara ne, domin zai nuna maka 220 ko da wayar ta kusa tsinkewa. Idan da kama sanda lambar ta faɗo 180 ko ƙasa, ka bar injin ya huta, ka koma baya.

A bayan nan, abin da na fi samu shi ne doguwar waya siririya. Wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5, idan aka ja ta mita 50, tana cinye kusan volt 24 idan amfiya 20 na wucewa. Mai 2.5 tana cinye kusan 15. Wannan wutar ba ɓacewa take ba, zafi take zama a jikin wayar, shi ya sa za ka taɓa ta ka ji ɗumi. Idan kuma wayar kasuwa ce mai alminiyam a ciki da fentin jan ƙarfe a waje, asarar ta fi haka. Araha ba ta ado. A matso da janareta kusa, ko a sayi waya mai kaurin murabba'in milimita 4 zuwa 6, kuma a warware ta duka kafin aiki, kada a bar ta a naɗe tana tara zafi.

Wayar mas da mariƙin sanda

Wani mai walda ya kira ni shagonsa a wani ƙauye kudu da Magariya, ya ce injinsa ya rasa ƙarfi, ya murɗa shi har ƙarshe amma sanda sai tartsatsi take ba ta narkewa. Ya riga ya fara cinikin wani. Na sa aka yi walda ta ɗan lokaci, aka kashe komai, sannan na bi wayoyin da bayan hannuna. Wayar mariƙi gutsure uku ce aka murɗe, aka ɗaure da robar tsohon tib. Mahaɗa ta biyu ba ta taɓuwa don zafi. Na kwance robar, sai ga silin wayar sun yi baƙi ƙirin, rabinsu sun tsinke, sauran suna marmashewa a yatsa. Wayar mas kuwa, wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake aiki a kai, ba ta da maƙali ko kaɗan. An ɗaure ta a jikin guntun rodi mai tsatsa, an ɗora rodin a kan ƙofar da aka riga aka shafa wa fenti, an danne da dutse. A jikin injin, notin bakin mas ya saki, robar da ke kewaye da shi ta narke ta zubo.

Yaron shagon ya ce, "Maigida, ai kullum nan wurin yana wari."

Maigidan ya ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Muka yanke ruɓaɓɓen wurin, muka goge bakin inji da samfefa har ya yi haske, muka ɗaure noti tam, muka kankare fenti a inda mas zai kama. Sanda ta kama tun ɗanawar farko.

Dalilin da ya sa ƙaramin sako-sako ke yin wannan ɓarna shi ne yawan amfiyar da ke bi ta wurin. Mahaɗar da ke da turjiyar kashi ɗaya cikin ɗari na om, wadda tasta ta yau da kullum ba ta ma iya gani, idan amfiya 120 ta bi ta cikinta tana fitar da zafin wat 144 a wurin da bai fi kan yatsa ba. Zafi ya kawo tsatsa, tsatsa ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi, har wurin ya ƙone. Shi ya sa hannu da hanci suka fi tasta amfani a nan: a kashe wuta, a shafa, a sunsuna. Wayar walda ta kasance mai kaurin murabba'in milimita 16 ga ƙaramin aiki, 25 ko 35 ga babba, kuma mas ya kama ƙarfe tsirara, kusa da inda ake aiki.

Sandar ma abar dubawa ce. Garin da aka lulluɓe ta da shi, wanda Oscar Kjellberg na ƙasar Suwidin ya yi wa rajista a 1907, shi ke kare narkakken ƙarfe daga iska, ya kuma sa wutar ta tsaya daram. Da damina wannan gari yana shan laima. Sanda mai laima tana tofi, tana mannewa, tana barin ramuka a ɗinki, mai ita kuma ya ɗora wa inji laifi. Kafin ka zargi inji, ka gwada sanda daga sabon kwali, sauran kuma ka ajiye su a gwangwani mai murfi.

Cikin mai taransifoma

Idan tushe lafiya, wayoyi lafiya, sanda busasshiya, to yanzu ne aka zo kan inji. Ka auna volt tsakanin bakunansa biyu yana kunne ba aiki. Idan ka sami 50 zuwa 80, zuciyarsa na bugawa. Wasu sababbin injina suna da na'urar kariya da ke riƙe wannan awo ƙasa da volt 35 har sai sanda ta taɓa ƙarfe, don haka a duba rubutun jikin inji kafin a yanke hukunci.

Mai taransifoma kwal biyu gare shi a kan tarin faranta na ƙarfe: na shiga, mai siririyar waya da zagaye da yawa, da na fita, mai kauri da zagaye kaɗan. Kunne yana gaya maka abu da yawa game da shi. Idan ka kunna ka ji tsit, babu gurnani ko kaɗan, wuta ba ta kai kwal ba: ka duba filogi, makunni, fis, da inda waya ta haɗu da kwal. Idan yana gurnani mai ƙarfi, yana zafi ba a yi aiki ba, yana yanke fis, ga warin ƙonannen banish, to rigar wayar ta ƙone, zagaye ya taɓa zagaye, sai sabon naɗi. Idan kakkarwa yake kamar zai wargaje, yawanci farantan ne suka saki, ɗaurin noti ya wadatar. A injinan naɗin gida masu wayar alminiyam, wurin da alminiyam ya haɗu da jan ƙarfe shi ne ya fi ruɓewa, za ka ga farin gari a kansa. Masu zama cikin mai kuma, a duba kada man ya ja baya ya bar kwal a waje, kada kuma ruwan sama ya shiga. Na ga masu kwara wa inji ruwa idan ya yi zafi. Wannan wasa da rai ne.

Cikin inbata

A nan nake roƙon kowa ya saurara da kyau. Inbata tana karɓar volt 220, ta miƙar da ita ta hanyar dayod, ta tara ta a manyan kafasito da ke ɗaukar kusan volt 310. Daga nan wasu makunnai na lantarki da ake kira IGBT suke datsa ta sau dubbai goma-goma a cikin daƙiƙa ɗaya, abin da ya sa ƙaramin taransifoma ke yin aikin babba. Waɗannan kafasito suna iya riƙe wutarsu bayan an zare filogi, kuma abin da suka riƙe ya isa ya tsayar da zuciyar mutum. A zare filogi, a jira minti biyar, a auna. Idan da saura, a sauke ta ta ƙwan fitila biyu masu zare da aka jera ɗaya bayan ɗaya. Kada a gama bakunan da sukurudireba. Wanda bai koyi wannan a hannun gwani ba, iyakarsa murfi.

Alamominta a bayyane suke. Idan babu fitila babu fanka, matsalar tana mashiga: waya, makunni ko fis. Idan da kunnawa take yanke wuta nan take, yawanci dayod ɗin mashiga ne ko IGBT suka haɗe. Idan fanka na juyawa, fitila na ci, amma babu komai a baki, a duba dayod na mafita da ƙananan wayoyin da jijjigar babur ke zarewa daga mazauninsu. Idan ƙarfi na hawa da sauka shi kaɗai, mamurɗin amfiya ne ya sha ƙura. Ga 'yan'uwana masu gyara kuma: IGBT ba ya mutuwa shi kaɗai. Idan ɗaya ya tafi, a canza su duka da lamba iri ɗaya, a duba ƙananan kayan da ke ba su umarni, a shafa sabon man sanyaya a bayansu. Kunnawar farko bayan gyara a yi ta ta cikin ƙwan fitila mai wat 100. Idan ya haska ya dushe, an dace. Idan ya tsaya da haske, akwai sauran aiki, kuma ƙwan ya ceci sababbin kayan.

Zafi da ƙura

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa da ke kamawa inji ya tsaya, ba lalacewa ba ce, inji ne ke neman hutu. A jikin kowane inji na kamfani akwai ɗan allo mai lambobi irin su 35% ko 60%. Ma'anarsa, a cikin kowane minti 10, minti nawa zai iya aiki a kan amfiyar da aka rubuta. Sittin cikin ɗari na nufin minti 6 aiki, minti 4 hutu. A zafin digiri 40 ake yin wannan gwaji, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu, a ƙarƙashin rumfar kwano, mun wuce nan. Idan fitilar ta kama, a bar injin a kunne fanka ta sanyaya shi. Wanda ya cire na'urar jin zafi don aiki ya yi sauri, ya sayi mako ɗaya da ran injinsa. Amma idan fitilar ta kama tun da safe inji na sanyi, wannan wata cuta ce a ciki, a kai wa mai gyara.

Ƙurar hunturu tana toshe hanyar iska, amma wadda ta fi ta illa ita ce garin ƙarfen da injin gurza ke fesawa. Fanka tana zuƙe shi, ya kwanta a kan allon inbata, kuma shi yana ɗaukar wuta. Ranar da laimar damina ta sauka a kansa, sai a ji fas. A ɗora inji a kan benci, a juya tartsatsin gurza nesa da shi, a riƙa hure cikinsa da busasshiyar iska bayan an zare filogi.

Injin da ke ja

Akwai maganar da ba na son ji: "Yana ɗan ja, amma mun saba." Yawanci jikin inji ba ya ja sai rigar wata waya ta mutu ta taɓa ƙarfe. A zare filogi a auna tsakanin bakunan filogi masu ɗaukar wuta da jikin injin. Idan tasta ta nuna akwai hanyar wuta tsakaninsu, kada a sake kunna shi sai an gyara. Kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, idan ya bi ta ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana ɗan karewa, amma jikin da ya jiƙe da gumi, a tsaye a kan danshin damina da silifa, ba shi da wannan kariya, kuma a irin wannan hali ko volt 70 na bakin inji na iya kisa. Yaran da ke canza sanda da hannu tsirara, ko su maƙale mariƙi a hammata, su ne suka fi shiga haɗari. Safar hannu busasshiya, takalmi mai roba, katako a ƙarƙashin ƙafa, da wayar da ta haɗa jikin inji da rodin da aka kafa cikin ƙasa mai danshi, duk kuɗinsu bai kai na jinyar kwana ɗaya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Roƙona ga iyayen gida masu shaguna, da malaman cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumominmu, shi ne a koya wa yaro awo tare da ɗinki. Muna yaye yara masu hannu mai kyau, waɗanda za su haɗa maka ƙofa ba ka ga tabo ba, amma ba su taɓa riƙe tasta ba. Kowane shago ya mallaki tasta ɗaya. Yau, tun injinka yana lafiya, ka auna abu uku: volt na soket babu aiki, volt na soket sanda na ci, da volt na bakin inji. Ka rubuta su da fenti a bangon shago. Ranar da ya tsaya, ka sake aunawa ka gwada da na bango. Lambar da ta sauya ita za ta nuna maka inda za ka dosa, kuma ko da abin ya fi ƙarfinka, za ka zo wurin mai gyara da bayani a bakinka, ba wanda zai sayar maka da kayan da ba ka bukata.